Arlit: rayuwar magidanci a garin da kamfani ya gina

Ranar 31 ga watan Maris na 2021 aka tsayar da haƙa a ramin Cominak da ke Akokan, bayan shekara 43 ana ciro uraniyom daga cikinsa. Ma'aikatan kamfanin kimanin 600, da wasu ɗaruruwa da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila, suka rasa abin yi. A wasu garuruwa, wanda aka sallama daga aiki albashi ya rasa. A Arlit kuwa, gidan da yake kwana, ruwan da iyalinsa ke sha, wutar lantarki da asibitin da matarsa ta haihu duk a jikin aikin suke rataye. Ga yadda wannan rayuwa take, da abin da ta koya wa waɗanda suka yi ta.

Garin da aka kafa don rami

Da wuya a samu unguwa a Tawa, Maraɗi ko Damagaram da ba ta da wani nata da ya taɓa zuwa neman abinci Arlit. Garin yana arewacin jahar Agadas, kilomita kamar 240 daga birnin Agadas, wajen 1200 daga Yamai, a filin hamada da ke yamma da duwatsun Abzin. Kafin zuwan kamfani, makiyaya Abzinawa ne ke ratsa wurin da raƙumansu.

A 1957 ne masu binciken ma'adinai na Faransa, da suka zo neman tagulla, suka ci karo da uraniyom a Azelik. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, aka soma gina garin Arlit a 1969, uraniyom na farko ya fito a 1971. Cominak ta biyo baya: an kafa ta a 1974, ta fara aiki a 1978, ta gina wa ma'aikatanta Akokan, ƴan kilomitoci daga Arlit. Babban mai hannun jari a kamfanonin biyu ya sauya suna sau da dama, daga Cogema zuwa Areva, daga Areva zuwa Orano a 2018, amma dai Faransa ce, kafin a mayar da Somaïr mallakar ƙasa a 2025.

Buɗe ramukan ya zo daidai da lokacin da kudu ke cikin wahala. Farin 1973 da 1974 ya cinye dabbobi da amfanin gona, noman gyaɗa da ya riƙe Maraɗi da Damagaram ya durƙushe. Samari suka yi arewa. Wasu da takardar lakkwal ko ta koyon sana'a, da yawa kuwa da ƙarfinsu kawai. Hausawa, Abzinawa, Zabarmawa, Fulani, Barebari, Larabawa da mutanen Benin da Togo suka haɗu a wuri ɗaya, Hausa ta zama harshen kasuwa da na titi, Faransanci na ofis.

Tun da babu kome a wurin, kamfani ne ya kawo kome. Shi ya haƙa rijiyoyin burtsatse, ya gina gidaje, asibitoci, makarantu, kantuna da wuraren wasa. Saboda uraniyom aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, mai sama da kilomita 600, a ƙarshen shekarun 1970. Saboda shi ne kuma Sonichar ta fara ƙona gawayin ƙasa na Anu Araren, kusa da Cirozerin, a 1981, don ba ramukan wuta. A lokacin ne aka yi wa Arlit kirari da “Paris ta biyu”, sunan da Idrissou Mora-Kpaï ya sa wa fim ɗin da ya yi a kan garin.

Gari ɗaya, magidanta iri biyu

Wanda yake son ya gane Arlit, sai ya fara da tambaya guda: wa ya ɗauki mutum aiki? Amsar ita ke faɗin inda zai kwana da inda za a kai ɗansa in zazzaɓi ya kama shi.

Wanda kamfanin haƙa ya ɗauka da kansa, an ba shi gida a unguwar ma'aikata, wadda ake kira site. Gidajen ma hawa-hawa ne: na manyan ma'aikata dabam, na shugabannin ƙungiyoyin aiki dabam, na leburori dabam. Da ganin layin da mutum yake an san muƙaminsa, yara ma sun sani tun suna ƙanana. Ruwa da wuta na zuwa ne daga kamfani, asibitin kamfani na duba shi da matansa da ƴaƴansa, mota na ɗaukar shi zuwa aiki ta maido shi. Yana da takardar albashi a ƙarshen wata, sunansa na rubuce a asusun CNSS, yana da sandika, irin su Syntramin, da ke magana da yawunsa. In aka gwada shi da sauran ma'aikatan Nijar, yana cikin masu rufin asiri.

Na biyun shi ne wanda ɗan kwangila ya ɗauka. Kamfanonin haƙa sun daɗe da miƙa ayyuka da dama ga ƙananan kamfanoni: gadi, shara, gini, dakon kaya, tuƙi, girki, gyaran injina, har da wasu ayyuka na cikin rami. Wannan ma'aikaci ƙofa ɗaya yake shiga da na farko, ƙura ɗaya suke shaƙa, rana ɗaya ke dukan su. Amma kwangilarsa ta ƴan watanni ce, kuma da yawa albashinsu bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda ya tsaya a jika 30 da ƴan kai tun 2012, kafin a ɗaga shi zuwa jika 42 a farkon 2024. Ba shi da gida a site. Haya yake yi a cikin gari, ko ya kafa nasa a unguwannin da sunansu ya riga ya faɗi yadda suke, wato Bukoki, inda aka yi gini da laka, kwano, fasassun ganguna da ƙarafan da suka fito daga ma'aikata. A can ruwa sai an bi layin famfo ko an saya wurin ga-ruwa.

A cikin waɗannan unguwanni ne kuma sauran jama'ar gari suke: ƴan tireda, mahauta, teloli, makanikai, masu abinci, ƴan kabu-kabu, da tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya suka mayar da makullin gidan kamfani. Ba su da katin shiga ma'aikata, amma cinikinsu na tashi ne ranar da aka biya albashi, ya kwanta tsakiyar wata. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu kusan mutum dubu 80 a komin ɗin Arlit. Ƴan dubbai kaɗan ne cikinsu ke karɓar albashin rami, sauran daga hannun waɗannan suke ci.

Yadda aikin yake

Ramukan Somaïr a buɗe suke. Ana fasa dutse da nakiya, manyan injina su kwashe, motoci masu tayoyin da suka fi mutum tsawo su haura da shi. Wanda ke nan, zafi da ƙura ne abokan aikinsa, a garin da bazara ke kai ma'aunin zafi sama da digiri 45. Ramin Cominak kuwa na ƙarƙashin ƙasa ne, zurfinsa kamar mita 250, hanyoyin da aka huda a cikinsa sun zarce kilomita 200. Kafin a rufe shi, mai shiga can da fitila a goshi yake aiki, iskar da yake shaƙa injina ne ke turo ta daga sama.

Dutsen da aka ciro ana niƙa shi, a jiƙa shi da ruwan asid, a tace, har a samu wani gari rawaya. Shi ne ake durawa a ganguna. Daga tan guda na dutse, kilo biyu zuwa huɗu na uraniyom kawai ake samu, ragowar a jibge ta a bayan ma'aikata. Shekara da shekaru, kafin 2023, gangunan na bin hanyar Tawa zuwa Benin, su kai tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga nan sai Faransa. Ta wannan hanya ce kuma ƙibiritu da sauran kayan haɗi suka riƙa shigowa.

Injin tacewa ba ya barci, don haka aikin karɓa-karɓa ne: masu safe, masu yamma, masu dare. Wannan tsari shi ke juya gida gaba ɗaya. Makon da maigida ke aikin dare, da rana zai yi barci, cikin zafi, uwargida na fama da yara kada su tashe shi. Suna, ɗaurin aure da jana'iza na wuce shi yana bakin inji. In azumi ya faɗo a bazara, wahalar ta ninka. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ƙayyade awa 40 a mako da hutun kwana biyu da rabi a kowane watan aiki. Wannan hutu, in an tara shi, shi ne wata gudan da magidanci ke ɗaukar iyali ya gangara kudu ganin gida, da tsaraba cike da mota, domin ba a dawowa daga Arlit hannu sake.

Albashi ɗaya, bakuna da yawa

A ƙauye ana ganin ɗan Arlit mai kuɗi ne. Lissafin da ke hannunsa ya fi haka tsauri. In ban da ƴan lambuna a gefen gari, ba a noma kome a nan. Gero, dawa, wake da masara daga kudu suke zuwa, bisa hanyar da ta lalace tun da daɗewa, kuma kowane rami na hanyar sai ya bayyana a farashin tiya. Taliya, madarar gari, dabino da man fetur daga Aljeriya suke shigowa ta Asamaka, sun fi araha, amma ranar da iyaka ta ƙi, kasuwa ta ƙi.

Ga kuma na gida. Iyaye na jiran kuɗin hatsi in rumbu ya ƙare kafin kaka, ƙane na son kuɗin taki, ƙanwa za ta yi aure, ga ragon layya na nan da na can. A da direbobin mota ake ba saƙo, yanzu Nita, Amana ko Al Izza ke kai kuɗin a cikin awa guda, abin da ya sauƙaƙa aike ya kuma sauƙaƙa roƙo. Zauren ma'aikaci ba ya rabuwa da baƙi: ɗan ƙanin baba da ya zo neman aiki, abokin ƙuruciya da ke hanyar Tamanrasat, ɗan unguwarsu da ya zo asibiti. Wani kwana uku zai yi, wani shekara. Ba mai korar su, domin shi ma haka aka sauke shi ranar da ya zo.

Shi ya sa ko mai albashi mai kyau yana da shafinsa a littafin bashin mai kanti. Mata su ne ke toshe ɓaraka: adashi, sayar da ƙanƙara da lemo daga firjin gidan site, kiwon awaki a bayan gida, ɗinki, tuyar ƙosai. A gidaje da yawa, tumakin uwargida da kuɗin adashinta su ne kawai ajiyar da ba ta kamfani ba.

Babban burin kowane ma'aikaci shi ne ya sayi fili ya gina nasa, a Agadas, Tawa, Maraɗi, Damagaram ko Yamai, kafin shekara 60 ta cika. Wanda ya fara da wuri ya tsira da mutunci. Wanda ya shagala, ranar ritaya ce ke tuna masa cewa zanen aro ba ya rufe katara: gidan da ya haifi ƴaƴansa duka a ciki, makulli zai miƙa ya fita.

Ƴaƴan ma wata damuwa ce. An haife su a Arlit, can suka yi lakkwal, garin ubansu a hutu kawai suka san shi. Ba su iya noma ba, kuma kaɗan ne daga cikinsu kamfani ke ɗauka. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarkaten a 2014, samari da yawa can suka nufa, wasu Aljeriya da Libiya. Uban da ya yi shekara 30 da hular kwano da takalmin aiki yana ganin ɗansa na shiga rami da igiya da tocila.

Ciwon da ba ya zuwa da wuri

Hatsarin da ido ke gani, kamar faɗowar dutse ko kifewar mota, an san yadda ake lissafa shi. Wanda ya fi tayar da hankalin iyalai shi ne wanda ba a gani. Dutsen uraniyom na fitar da wani tururi da ba shi da launi ko wari, da wata iska da ake kira radon, wadda ke taruwa inda iska ba ta zagayawa. Likitoci sun tabbatar da cewa yawan shaƙar radon na jawo kansar huhu, ƙurar dutse kuma na ƙone huhu a hankali. Ciwon kan ɗauki shekara 10, 20 ko fiye kafin ya bayyana, sau da yawa bayan mutum ya bar aiki ya koma garinsu.

Yau ma'aikaci na ɗauke da ƴar na'ura da ke auna tururin da jikinsa ya sha, akwai kuma iyakar da doka ta sa a shekara. Tsofaffin ma'aikata na ba da labarin cewa a shekarun farko ba a yi musu bayanin haɗarin ba, har kayan aiki a gida ake wanke su, tare da na yara. Amina Weira, ɗiyar wani tsohon ma'aikacin Cominak, ta tattara irin waɗannan shaidu a fim ɗinta “La Colère dans le vent” na 2016.

Ƙungiyar Aghir In'man, ƙarƙashin Almoustapha Alhacen, wanda shi kansa ma'aikacin Somaïr ne, ita ta fara ɗaga murya a farkon shekarun 2000. A ƙarshen 2003 masana na cibiyar Criirad ta Faransa suka zo, suka samu ƙarafa masu ɗauke da tururi ana sayarwa a kasuwar Arlit, irin waɗanda talakawa ke rufin ɗaki ko ƙera kayan gida da su. A 2009 Greenpeace ta ɗebi ruwa a wurare biyar, rahotonta na 2010 ya ce huɗu sun zarce ma'aunin uraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Kamfanin ya sha nanata cewa yana aiki bisa ƙa'idojin ƙasa da na duniya, ya kuma bi gari yana kwashe ƙarafa da duwatsun da aka gano.

A ƙarshen 2011 aka kafa cibiyar OSRA don bin lafiyar tsofaffin ma'aikata a jahar Agadas. Waɗanda aka yarda cewa aiki ne ya jawo musu ciwo ƙalilan ne, kuma ƙungiyar Sherpa, da aka kafa tsarin da ita, ta janye a 2012. Ko a Faransa maganar ba ta yi sauƙi ba. Iyalan wani Bafaranshe da ya yi aiki a Cominak, ya rasu da kansar huhu a 2009, sun yi nasara a kan Areva a kotu a 2012, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2013, ta ce ba Areva ce ta ɗauke shi aiki ba. In haka ta faru da mai lauya a Paris, sai a ƙiyasta halin tsohon leburan ɗan kwangila da ke tari a wani ƙauyen Tawa, ba takarda ko guda a hannunsa.

Farashin da ake yankewa a nesa

Abin da ke shiga tukunyar Arlit, a kasuwannin da magidanci bai taɓa gani ba ake yanke shi. Bayan bunƙasar shekarun 1970, farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka rage ma'aikata, “Paris ta biyu” ta fara dusashewa. A 2007 farashin ya haura dala 130 ta Amurka a kowace laba, aka sake ɗiban mutane, aka yi ta maganar babban ramin Imuraren. Hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, a watan Maris na 2011, ya juya kome. Zuwa 2016 laba ta koma ƙasa da dala 20. An jingine aikin Imuraren, Somaïr ta sanar da rage ma'aikata a 2017, kuma a kowane karo ƴan kwangila ne ke fara fita, domin ƙin sabunta kwangila ba ya buƙatar dogon zama da sandika.

Rashin tsaro ma ya taɓa gidaje. An sace ma'aikata bakwai a Arlit a watan Satumba na 2010, an kai harin mota mai bam a ma'aikatar Somaïr ranar 23 ga watan Mayu na 2013, wanda ya kashe mutum guda ya raunata wasu, ya tsayar da aiki na wani lokaci.

Ranar da aka rufe Cominak

Cominak ta fitar da kimanin tan dubu 75 na uraniyom a tsawon rayuwarta. Dalilin rufewa da aka bayar shi ne ƙarewar dutse mai riba da faɗuwar farashi. A nan ne bambancin magidantan nan biyu ya fito fili. Ma'aikatan kamfani sun samu kuɗin sallama na miliyoyin sefa da alkawarin kula da lafiyarsu na wasu shekaru. Ma'aikatan ƴan kwangila ba sa cikin wannan yarjejeniya, sun yi ta kai kuka da zanga-zanga suna neman a dube su.

Ko masu miliyoyin ba duka suka tsira ba. Mutumin da ya yi shekara 25 yana tuƙa inji a ƙarƙashin ƙasa bai koyi kasuwanci ba. Wanda ya riga ya gina gida ya zuba kuɗin a sana'ar da ya sani, ya zauna da ƙafafunsa. Wanda ya sayi mota ya ba direba, ko ya ba wani jari a bisa amana, ko dangi suka yi masa caa, da yawa kuɗin bai yi shekara biyu ba. Wasu ƙwararru sun samu shiga sabon ramin Dasa da kamfanin Global Atomic na Kanada ke buɗewa a jahar Agadas. A Akokan kuwa mahauci, mai kanti da mai haya duk sun ji a jikinsu, domin abokan cinikinsu sun watse. An miƙa asibitin Cominak ga gwamnati, abin da kamfani ke ɗauka ya koma wuyan baitulmali da aljihun marar lafiya.

Abin da bai tafi ko'ina ba shi ne tulin ragowar dutse, kimanin tan miliyan 20, a gefen garin. An tsara rufe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu, cikin aikin gyara na kusan miliyar 95 na sefa. Iyalan da suka rage a Akokan su ne za su zauna da sakamakon, ko an yi aikin da kyau ko ba a yi ba.

Bayan 2023

Juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023 da rufe iyakar Benin sun toshe hanyar Kwatano: kayan haɗi suka daina shigowa yadda aka saba, uraniyom ya daina fita. A watan Yuni na 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga Orano. A watan Disamba Orano, mai kashi 63,4 cikin 100 na Somaïr, ta ce ragamar kamfanin ta fita daga hannunta, sannan a watan Yuni na 2025 gwamnati ta sanar da mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Orano ta kai ƙara kotunan sasanci na duniya.

Jama'a da dama sun yi maraba da matakin, ganin an yi sama da shekara 50 ana fitar da arzikin da ke haska biranen Faransa alhali yawancin ƴan Nijar ba su da lantarki. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa komin-komin na jahar da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu, amma zaɓaɓɓun yankin sun daɗe suna kukan jinkirin biya. Ga magidancin Arlit, sauyin mai kamfani bai sauya tambayoyinsa ba: albashi zai zo a kan lokaci? Asibiti zai samu magani? Wa zai ɗauki nauyin ciwon da aka kwasa a zamanin tsohon mai gida? Wane matsayi za a ba ma'aikacin ɗan kwangila?

Abin da ya kamata ma'aikaci ya riƙe

Darasin Arlit bai tsaya a Arlit ba. Akwai matatar mai ta Soraz a arewacin Damagaram tun 2011, akwai rijiyoyin Agadem da bututun da ya kai Benin, akwai siminti a Malbaza. Maraɗi ma ta ga yadda masana'antunta na dā suka rufe ɗaya bayan ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na farko, takarda. Ma'aikaci ya san sunan wanda ya ɗauke shi, ya riƙe kwafin kwangila da takardun albashi duka, ko na ɗan kwangila ne. Na biyu, CNSS. Ana cire kashi 5,25 cikin 100 na albashi don fansho, amma cirewa dabam, zubawa dabam. Ya je ofishin asusun da lambarsa ya tabbatar an rubuta watanninsa, tun kamfanin da ya ɗauke shi yana raye. In ba a rubuta ba, ofishin sufeton ƙwadago don haka yake. Na uku, lafiya. Ya nemi sakamakon gwaje-gwajen da aka yi masa da adadin tururin da na'ura ta auna, ya adana su a gida, domin ranar da ciwo zai bayyana su ne shaidarsa. Kada kuma a shigo da ƙarfe, ganga ko ƙyalle daga ma'aikata cikin gida, kome arharsu. Na huɗu, matsuguni da sana'a ta biyu: fili da sunansa, da abin da uwargida ko babban ɗa zai iya riƙe gida da shi in albashi ya yanke.

Sauran nauyin na hukuma ne da kamfanoni. Duk ramin da aka buɗe yana da ranar rufewa, masu haƙa kuma sun san ta tun kafin su fasa dutsen farko. Tun a lokacin ne ya kamata a rubuta makomar gidaje, ruwa, asibiti da ma'aikatan ƴan kwangila, a ware kuɗinta, a sanar da iyalan da za su zauna a wurin. A Akokan an jira sai da ranar ta matso, kuma waɗanda ba su da takardar kamfani su ne suka fi biyan kuɗin jinkirin.